Mu da Kwaɗayin Tsire a Ƙasar Ƙanƙara

Ku matso kusa, 'yan uwana, ku ja bargon nan mu rufe ƙafafu tare, wadda ke kusa da butar shayi ta ƙara mana, don maganar yau ta cikin gida ce, ba a ɗaga murya a kanta. Mu dai mun san kanmu. Duk wadda ta yi hunturu ko guda ɗaya a Winifeg ta san akwai wani dare da yake zuwa cikin Janairu, an yi isha'i tun tuni, yara sun yi barci, taga ta yi fari fat, hita na ta gurnani, kawai sai ƙamshin tsire ya faɗo miki a hanci daga inda ba ki sani ba. Babu mai gashi a unguwar, babu ko ɗigon hayaƙi, amma ga shi nan kina jin sa sarai, ƙuli-ƙulin da ya fara baƙi a gefen tsinke, kitsen da ya ɗiga a garwashi ya ce cuuu, albasa da tumatir a cikin takarda. Sai ki juya ki kalli maigida, shi ma ya kalle ki, kowa ya haɗiye yawu ya yi shiru. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana, to mu kam mun karɓi mabuɗin hannu bibbiyu, wayyo mu.

Kuma don Allah kada wata ta ce a sa a obin. Dukkanmu mun bi ta nan. Naman yana nuna, yajin yana kamawa, yara su cinye su siɗe hannu su ce Mama ya yi daɗi, amma ke da kika tashi kina ganin mai tukuba na juya tsinke a bakin titi bayan magariba, kin san wayo kawai aka yi wa bakinki. Hayaƙi ne ya ɓace, shi kuwa hayaƙi ba ya zama lafiya a kicin ɗin ƙasar nan, kafin ya kai silin ƙararrawar gobara ta tara miki maƙwabta. Kilishi kuma, ke dai bari, jami'an filin jirgi ba sa barin a shigo da nama, ko da gwaggonki ta naɗe shi cikin zani bakwai. Shi ya sa da amaryarmu ta raɗa mana cewa ango ya ce ta zaɓi murhun gashi zai saya mata, duk muka yi caa a kanta, kowa da tata shawarar, har yarinya ta rasa ta wa za ta ɗauka. Na ce a'a, mu zauna mu tsefe maganar a tsanake. Ke ma da kike karantawa daga Edmanton ko Minesota ko can Nowe, jawo kujera, ai jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Mutanen gida in sun ji mun ce sanyi sai su tuna hunturun Jos, su ce ai mu ma muna fama. Allah sarki. Nan cikin Janairu digiri 20 ƙasa da sifili ba labari ba ne, wasu dararen ya kai 30, in ya so nuna iyawa ya doshi 40, inda ma'aunin Selshiyas da na Farenhait ke haɗuwa su zama lamba ɗaya, ba sai kin tambayi wanne ake nufi ba. Rana kuwa cikin Disamba, ƙarfe huɗu da rabi ta tattara nata ya nata ta tafi. Ga gari a shimfiɗe, ba dutse ba tudu, iska ta taso daga arewa babu mai tare ta, har 'yan garin da kansu ke tsokanar mahaɗar titin Portage da Main cewa babu kusurwar da ta kai ta sanyi da iska a duk Kanada. Duk da haka ki leƙa taga ranar Asabar, za ki hango maƙwabci Bature ya share 'yar hanya da shebur daga ƙofar baya zuwa murhunsa, sama ƙatuwar jaket da hular sanyi, ƙasa gajeren wando, yana juya nama yana fito abinsa. Farkon ganinmu mun yi dariya har da riƙe ciki. Yau ga mu muna tambayarsa inda ya sayi murhun, hahaha.

To ga abin da muka gano bayan mun sha hayaƙi mun sha ɗari. Da rani kowane tarkacen ƙarfe da aka ɗora wa raga zai gasa miki nama, hunturu ne ke tona asirin murhu. Ita wuta ba ruwanta da sanyi, garwashi in ya kama ya kama, wahalar tana wajen tsare zafin a wuri ɗaya har naman ya nuna. Bango in siriri ne, zafin ta jikinsa yake tsiyayewa. Iska kuwa ta fi sanyin iya sata, don tana share zafin daga jikin ƙarfen tana tafiya da shi, ta kuma kutsa ta 'yan ƙofofin murhun, ko ta hura gawayi ya cinye tun ba a je ko'ina ba, ko ta kashe harshen gas baki ɗaya. Tsarinmu na gida, a kafa tsinke a kewaye wuta a fili, ko a raba duro biyu a ɗora raga, nan ba ya kai labari: ƙasan naman na ƙuna samansa na sanyi, ki juya, ɓangaren da ya gasu ya huce. Don haka in kin shiga shago, ƙawata, kada ƙyalli da yawan maɓallai su ɗauke miki hankali. Ki ɗaga murfin ki ji nauyinsa, ki sauke ki ga ko bakinsa na haɗuwa ruf, ki ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. In ya amsa miki ƙwal-ƙwal, ki yi masa sallama cikin mutunci ki yi gaba.

Akwai kuma ɓarawon cikin gida, wato hannunmu. Mu da aka raine mu da leƙa tukunya, a ɗanɗana, a motsa, a sake leƙawa, wallahi barin murfi a rufe ya fi mana azumi wuya. Amma duk ɗagawa ɗaya, zafin da kika tara ya tsere sama, sai an ɗauki mintoci kafin ya dawo. Maganinsa ɗan ma'aunin zafi mai tsinke, a soka a cikin naman, wani ma har wayarki yake turo lamba, kina zaune a falo da kofin shayi kina kallon murhun ta gilashi. Hukumar lafiya ta Kanada ta ce yankan kaza ya kai digiri 74 a tsakiyarsa, kaza guda sukutum 82, niƙaƙƙen jan nama 71. Ki dai ajiye batir na canji, don sanyi na shanye batir da wuri. Ni kam ko da ma'aunin a hannuna sai na ji hannun na ƙaiƙayi, oh ni 'yasu.

Mu fara da na gas, tunda shi mazanmu suka fi so, a murɗa, a ji ƙyas, wuta ta tashi, babu baƙin gawayi a hannun riga. Kanada ma tana ƙera nata, akwai Napoleon da ke garin Barrie da Broil King da ke Waterloo, duka a lardin Ontariyo, mutanen da suka san ƙanƙara a ƙofar gidansu. Gas ɗin da ake zubawa a tukunyar, furofen, yana ci gaba da tashi daga ruwa zuwa iska har sai sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifili, don haka yawancin dararenmu zai kama, sai dai ƙarfinsa na raguwa in sanyi ya tsananta ko tukunyar ta kusa ƙarewa, ki ga harshen wutar ya yi lanƙwas. A ajiye cikakkiyar tukunya ta biyu, amma a waje, ba a shigar da ita ɗaki ko gareji wai don ta ji ɗumi. Ƙananan gwangwanayen nan na biyuten da ake sa wa risho na yawon shaƙatawa kuwa, da an kusa sifili sun yi yaji, ki manta da su sai bazara. Wadda gidanta ke da bututun gas na gari har bayan gida, ita ta huta da ɗaukar tukunya, mu taya ta murna muna ɗan jin haushi.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe a kan na gas: in iska ta kashe wutar, kada ki yi saurin sake kunnawa. Furofen ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a ƙasan murhun ya taru. Haka ya faru da Hannah Storm, mai gabatar da labarin wasanni a talabijin ɗin Amurka, cikin Disambar 2012, iska ta kashe mata wuta, ta je sake kunnawa, gas ɗin da ya taru ya tashi ya ƙona ta a fuska da hannu. A rufe gas, a buɗe murfi, a jira aƙalla minti biyar. Sannan batun ɗanɗano, dattijuwarmu Hajiya babba ta gama magana tun ranar da ta ciji yanka ɗaya a gidan wata, ta tauna a hankali, ta ajiye tsinken ta ce, 'yata, wannan gasasshen nama ne mai kyau, Allah ya yi albarka, amma kada ki ƙara kiran sa tsire a gabana. Muka sunkuyar da kai muna ƙunshe dariya, don gaskiya ta faɗa.

Yanzu ga masoyina, ɗan baƙin murhun gawayin nan mai ƙafa uku da murfi zagayayye. Wani mutum George Stephen ne ya ƙirƙiro shi a 1952, yana aiki a masana'antar ƙarfe ta Weber a Shikago, inda suke ƙera ƙwallayen ƙarfen da ake sawa a ruwa don nuna wa jirage hanya, ya raba ɗaya biyu, rabi ya zama kasko, ya yi masa murfi da ƙofofin iska. Na san za ki ce, yanzu fa kika ce mu ƙwanƙwasa bango, wannan ai siriri ne. Haka ne, aminiya, siriri ne. Amma murfinsa na zama daram, ƙofofinsa na sama da ƙasa suna jin magana, kuma, ga inda gizo ke saƙar, tsire ba daɗewa yake a wuta ba. Yankan da aka fere siriri, a kan garwashi mai rai, cikin minti goma ko ƙasa da haka ya yi, sanyi bai ma gama ɗaura ɗamara ba kin kwashe abinki. Abin da kawai zai nema a wurinki shi ne gawayi fiye da na rani, da kuma kusurwar da iska ba ta dukansa kai tsaye.

Bari in nuna miki yadda abin yake, don daɗin yana cikin yin. Ki cika gwangwanin tada wuta da gawayi, wannan mai hannu da ramuka a gindi, ki cusa tsohuwar jarida a ƙasansa ki ƙyasta, ba kananzir ba fetur. Ki koma ciki ki jera tsinkenki, waɗanda kika jiƙa tun ɗazu, ki barbaɗe su da ƙuli da citta da barkono, ki ɗan yayyafa man gyaɗa. Kafin ki gama, saman gawayin ya fara furfura. Ki juye shi gefe ɗaya na kaskon, ɗaya gefen ki bar shi babu komai, wurin gudun hijirar naman da ya fara ƙuna ke nan. Ki rufe murfi ragar ta yi zafi sosai. A lokacin za ki ga ƙanƙarar da ke ƙarƙashin ƙafafun murhun ta narke ta yi zobe, duk ƙwayar da ta sauko ta taɓa murfin sai ta ce tsss ta ɓace, numfashinki da hayaƙin su cakuɗe ki rasa wanne ne wanne, gabanki zafi bayanki sanyi, hanci na zuba, ido na hawaye, amma ranki fes. Da ƙamshin nan ya tashi ya haura katanga, wallahi sai ki ji ƙirjinki ya cika, ki rasa dariya za ki yi ko kuka. Mu dai duka biyun muke yi, ba mai tona wa wata asiri.

Gawayin ma iri biyu ne a shago. Akwai na itace zalla, gutsure-gutsure, mai saurin kamawa da zafin gaske, shi ya fi kama da namu kuma shi tsire ke so. Akwai dunƙulallen da aka matsa a inji, ba ya kai wancan zafi amma ya fi jimawa, ga yawan toka. In kin ga buhun da aka rubuta na itacen meskit ne, na kudancin Amurka da Meziko, ki ɗauka ki gwada, dangin ƙirya ne na nesa, ita kuwa ƙirya kin san maƙeranmu ba sa haɗa gawayinta da kowane. Don ƙamshin hayaƙi a jefa ɗan guntun itacen tuffa ko na maful, wanda ganyensa ke jikin tutar ƙasar, amma a guji itatuwan nan masu tsinin ganye da ba sa kaɗewa, ƙaronsu na ɓata nama, haka ragowar katakon gini da aka yi wa magani. Buhun kuma ya zauna inda danshi ba ya kai masa. Af, kafin in manta, in ƙamshi ya jawo maƙwabta, kuma zai jawo su, ki gaya musu tun kafin su kai baki cewa akwai gyaɗa a jiki, don a ƙasar nan yara da yawa gyaɗa na kai su asibiti. Bayan haka ki zuba ido ki ga yadda barkono ke mayar da kunnen Bature ja, yana shi-shi yana miƙo faranti a ƙara, ki ce ba mu faɗa miki ba.

Amma fa in zuciyarki na wajen banda, kina son kafaɗar rago ta kwana a wuta ƙasa-ƙasa har ƙashi ya zare da kansa, ko kifi ya ƙyafu ki ajiye don miyar kuka, to ɗan baƙin nan zai wahalar da ke, kina fita kina ƙara gawayi cikin dare. Nan ne ƙwan yumɓu ke shigowa. Asalinsa tukunyar dafa shinkafa ce ta mutanen Japan, kamado ake ce wa irinsa, wani Ed Fisher ya fara sayar da shi a Atlanta a 1974, shi ne koren nan Big Green Egg, daga baya ja ya fito mai suna Kamado Joe, da wasu da dama. Ranar da na fara leƙa cikinsa na ce kai, wannan ai tanderun gurasar Kano ne aka yi wa murfi aka shafa masa fenti. Bangonsa kauri gare shi, yana ɗaukar lokaci kafin ya yi zafi, amma in ya yi, shi ke nan, ki daidaita ƙofar ƙasa da ta sama a kan digiri 110 zuwa 120, cikin gawayi ɗaya zai kai ki daga safe har dare, ƙanƙara na zuba a kansa ko a jikinsa. Naman kuma ba ya bushewa, don iskar da ke ratsa cikinsa kaɗan ce. Mutanen Tekzas, gwanayen bandar ƙirjin sa, in naman ya yi nisa sukan naɗe shi cikin takarda mai kauri su mayar wuta, suna ta bayani a kan hikimar abin, mu kuwa muna kallon juna muna tuna mai balangu da takardar siminti. Su bari kawai, mun riga su.

Sai dai ƙwan nan ɗan gata ne, yana da sharuɗɗa. Babbansa ya haura kilo 70, inda aka ajiye shi nan zai tsufa, don haka a zaɓi wurin tun farko. Kuɗinsa ya wuce dala 1000, ɗan baƙin can ko rubu'in haka bai kai ba. Faɗin ragarsa bai kai na wancan ba, in taron suna ne sai an yi ta sahu-sahu. Danshin da ya rage a bakin murfi kan daskare ya manne shi gam, in haka ta faru ba a finciko shi da ƙarfi, ɗamarar bakin ce za ta yage, sai a tura 'yar wuta ta ƙofar ƙasa a jira ya saki don kansa. A riƙa sa masa rigarsa kada ruwa ya shiga ya daskare ya tsaga yumɓun. In kuma ya yi zafi sosai, ba a buɗe shi gaba ɗaya, a ɗan ɗaga kaɗan a sauke, a sake, iska ta shiga a hankali, in ba haka ba wuta ta yi tsalle ta gaishe da girarki. Mu kuwa da kuɗin gyaran gira a garin nan, ina!

Akwai na ragwaye, kuma ban ce ba na ciki ba. Joe Traeger na jihar Oregon ne ya fito da shi, ya yi masa rajista a 1986. Ana zuba masa 'yan ƙwayoyin garin katako da aka matsa a cikin akwati, wani murɗaɗɗen ƙarfe na tura su kaɗan-kaɗan zuwa wuta, fanka na hurawa, ke kuwa lamba kawai za ki danna ki shige ɗaki. Don ƙyafe kifi ko ƙarasa kilishi a wuta mai laushi, abin sai wanda ya gani. Amma ba ya motsi sai da lantarki, a sanyi yana cin ƙwayoyin nan ba ƙaƙƙautawa sai an saya masa bargonsa na musamman ko an ɗauki mai bango biyu, kuma in danshi ya taɓa ƙwayoyin sai su kumbura su koma gari su toshe hanyar, ki wuni kina tono da sukundireba da daskararrun yatsu. Yawancinsu kuma wutar a ɓoye take ƙarƙashin faranti, ba ta lasar naman, tsire kuwa sai da lasa. Shi kuma dogon nan mai ɗakin wuta a gefe da bututun hayaƙi, wanda ake ciyar da shi itace kusan kowace awa, mu bar wa mutanen Tekzas kayansu, su da ba su san Janairunmu ba. Masu arahar cikinsu ma bangon ba kauri, araha kuwa ba ta ado.

'Yan uwanmu na gidajen bene, ku yi haƙuri, yawancin gine-ginen sun hana gawayi a baranda, wasu har gas, sai ku tambayi mai kula da gini kafin ku kashe ko sisi. In na lantarki kaɗai aka yarda, a yi maneji da shi, ranar Asabar kuma ku taho gidan masu bayan gida, ai zumunci a ƙafa yake.

Yanzu ku ajiye kofunan, wannan ba ta dariya ba ce. Ranar da iska ta yi tsanani, shaiɗan zai raɗa wa maigida cewa a ja murhun cikin gareji, a bar ƙofa a buɗe, ai minti goma ne. Ki tsaya a bakin ƙofar ki ce a'a. Gawayi da gas duka suna fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, ta cika garejin ta bi ƙofar ciki ta shiga ɗakunan da aka toshe ko'ina saboda sanyi, inda yara ke kwance. Mu ba baƙin wannan labari ba ne, dukkanmu mun taɓa jin gidan da aka kwana da janareta a ciki, ko ɗakin da aka shiga da kaskon wuta aka rufe ƙofa da hunturu, aka wayi gari sai salati. Buɗe ƙofar gareji ba ya isa. Murhu a fili yake zama, wajen mita uku daga bango, don rufin robar da ke jikin gidajen nan narkewa yake yi, kuma ba a ƙarƙashin indararo ba. Toka a zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi, garwashi na iya kwana da rai a cikinta. A duba ƙararrawar kabon monoksaid ta gida tana aiki. Mu kuma mata, bakin mayafi da jelar hijabi a cusa su cikin jaket, ita kanta jaket ɗin yawanci leda ce, tartsatsi ɗaya ya huda ta. Allah ya tsare mu da zuri'armu, amin.

To, a ɗauki kofuna. Saura abu ɗaya da ba a faɗa a shago, shi ne tafiyar nan ta taku ashirin daga murhu zuwa falo. Ki kwashe tsire a farantin da ya sha sanyi a waje, kafin ki taka ƙofa kitsen ragon ya daskare ya yi fari, ki ci ya manne miki a dasashi, duk wahalar ta tashi a banza. Kularmu ta tuwo ita ce gwanar wannan aiki, a ɗauraye ta da ruwan zafi, a fito da ita sai lokacin kwashewa, a zuba a rufe a ruga. Kayan auren da muka yi ta mitar nauyinsu a filin jirgi, ashe ranarsu na nan tafe, Allah ya saka wa iyayenmu mata.

Kuma kada ki ce wannan duk shagali ne na dare ɗaya. Watanninmu na Musulunci na matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. Azumi ya riga ya shiga sanyi, Babbar Sallah da aka yi a watan Yuni a 2025 za ta faɗo cikin Fabrairu a 2035. Murhu mai kyau kuwa yana shekara goma bai ce komai ba, ma'ana wanda kika saya bana shi zai gasa miki naman layya cikin ƙanƙara, kina tsaye da lalle a hannu da safa a kansa. Ku dai hango mu, sabon leshi a ciki, jaket a waje, takalmin ƙanƙara a ƙasa, ana barka da Sallah haƙora na kaɗawa, wayyo cikina.

In ni za a tambaya, mu mutanen tsire ne kafin komai, don haka ɗan baƙin gawayi mai murfi, mai faɗin santimita 57, da gwangwanin tada wuta da ma'aunin zafi da safar hannu ta fata, sun ishe gida. Wadda Allah ya hore wa, kuma ta san har ga zuciyarta za ta riƙa banda, ba wai ta ajiye don baƙi su gani ba, ta ɗauki ƙwan yumɓu ba za ta yi da-na-sani ba. Na gas a bar wa maigidan da ke son naman dare bayan aiki ba tare da jira ba. Ki kuma daure ki jira Satumba ko Oktoba, lokacin da shaguna ke karya kuɗin kayan rani don su sami wurin shebur da gishirin hanya. In kin saya ki sanar da mu, kada ki yi shiru, don ko ba ki faɗa ba hayaƙin zai faɗa, kuma mun san gidanki.